Daga Akun Imam Zuwa Kwikwiyon Balaraba: Tsohon Cinikin Labari Tsakaninmu da Indiya



A shekarar 2012 wani ƙaramin kamfanin ɗab'i mai suna Blaft, da ke birnin Chennai a kudancin Indiya, ya fitar da fassarar Ingilishi ta littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fara fitowa a Kano a 1990. Farfesa Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ne ya yi fassarar, aka sa mata suna Sin Is a Puppy That Follows You Home. Shi ne ƙagaggen labari na farko da mace ta rubuta da Hausa aka buga cikakkiyar fassararsa da Ingilishi domin kasuwar duniya. Daga nan Rijiyar Zaki zuwa sabon matsugunin jami'ar da mai fassarar yake koyarwa tafiya ce 'yar kaɗan a kan titin Gwarzo, amma sai da littafin ya ƙetare teku kafin ya samu mai buga shi.

Me ya kai Ba'indiye ga littafin Bakanuwa? Kuma da ya buɗe shi, me ya gani a ciki? Amsar tana da dogon tarihi, ya kuma kamata duk mai son riƙe alƙalami a cikinmu ya san shi, domin har gobe muna cin bashin labari daga Indiya, kuma yadda muke cin bashin nan shi zai nuna ko rubutunmu zai yi ƙarko.

Aku ya riga fim zuwa

Yawancinmu idan aka ce Indiya, fim ne yake faɗo mana a rai. Amma labaran Indiya sun shigo ƙasar Hausa a cikin gafakar malamai tun kafin a gina silima ko ɗaya. Akwai wani tsohon littafi na harshen Sanskirit mai suna Panchatantra, wanda ake jingina wa wani malami Vishnu Sharma. Ginshiƙinsa shi ne wani sarki yana da 'ya'ya uku da suka ƙi karatu, ya damƙa su ga malamin, shi kuma ya koya musu dabarun mulki ta hanyar labaran dabbobi. A ƙarni na 6 Sarkin Farisa Kisra Anushirwan ya sa likitansa Barzawaihi ya fassara shi zuwa harshensu na wancan zamani. Wajen shekarar 750 Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci da sunan Kalila wa Dimna, sunayen diloli biyun da ke cikinsa. Da wannan rigar ta Larabci ya iso hannun ɗaliban ilmi a ƙasarmu. Bahaushen da ya riga ya naɗa dila malamin daji a tatsuniyarsa bai ga baƙon abu a ciki ba.

Sai kuma babban misali, wanda duk mun karanta a makaranta. Bayan gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, East ya lura da basirar Abubakar Imam. A 1936 ya nemo shi daga Makarantar Midil ta Katsina, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa da na sauran ƙasashen Gabas, ya ce ya zauna ya samar wa yaran makaranta abin karatu. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1937.

Masu nazari sun daɗe da nuna cewa akun nan da ya riƙe littafin ɗan asalin Indiya ne. A Sanskirit akwai littafi mai suna Shuka Saptati, wato labarai saba'in na aku. Wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa a gida tare da aku. Kullum dare idan ta yi shirin fita wajen wani namiji, sai akun ya ɗauko mata labari, ba zai kai ƙarshe ba sai gari ya waye, har mijin ya dawo ba ta fita ba. Wajen 1330 wani malami mazaunin Indiya, Nakhshabi, ya sake rubuta shi da Farisanci da sunan Tutinama, ya mayar da darurrukan 52.

To, mu duba abin da Imam ya yi da wannan gini. Ya bar akun, ya bar dabarar tsare mutum da labari har lokacin fita ya wuce. Amma ya cire matar aure da kwartonta, domin ya san littafin nan yara za su karanta a Katsina da Kano, iyayensu kuma malamai ne. A madadinta ya sa Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, wanda yake ɗokin ya bi mahaifinsa fagen fama alhali Waziri ya ƙulla masa makirci a waje. Jarabar da akun Indiya yake karewa ta sha'awa ce, shi kuwa akun Imam yana kare jarabar ƙuruciya da son nuna bajinta, kuma abin da za a rasa idan ya gaza shi ne gadon sarauta. A juzu'i na uku ma akun ya koma malami yana horar da ɗansa Fasih, kamar yadda Vishnu Sharma ya horar da 'ya'yan sarki. Fada ce irin tamu, da dogarai da fadawa da kirari, har ba wanda zai karanta ya ji ƙanshin baƙunta. Shekara fiye da tamanin ke nan muna cewa littafin namu ne, kuma gaskiya muka faɗa.

Zamanin silima da talabijin

Hanya ta biyu ta buɗe ne da majigi. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, daga baya aka samu irin su Palace da Plaza da El Dorado da Orion da Marhaba. Daga shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan, waɗanda muke kira Kwarori, su ne masu yawancin gidajen, suka fara shigo da finafinan Indiya, suka ga sun fi na Amurka cika gida. Mutane ba su jin Indiyanci, amma suna ganin rawani da doguwar riga, da mace mai lulluɓi, da ɗan da yake durƙusa wa mahaifinsa, da attajirin da ya hana talaka 'yarsa. Mother India na 1957 an yi ta maimaita shi shekara da shekaru, har akwai masu bin waƙoƙinsa da ka. 'Yan kallo suka raɗa wa jarumai sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. 'Yan bandiri irin su Ushaƙu Indiya suka ɗauki karin waƙoƙin fim suka ɗora masa begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Silima dai wurin maza ce, matar kirki ba ta zuwa. Abin da ya kai Indiya cikin ɗakunan mata shi ne talabijin daga ƙarshen shekarun 1970, sai kuma kaset ɗin bidiyo. A daidai wannan lokaci wasu abubuwa biyu suka faru. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban yara maza da mata masu iya karanta Hausar boko, a birni da ƙauyukan kewaye. Sannan matsin tattalin arziki da ya zo da shirin SAP na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni irin su NNPC suka fi mayar da hankali ga littattafan makaranta. Ga masu karatu sun yi yawa, ga ba mai buga musu abin karantawa. Sai matasa suka tara 'yan kuɗinsu suka nufi ƙananan maɗaba'u.

Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta riga ta share fage da So Aljannar Duniya a 1980. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a 1984, Balaraba Ramat ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama, ana buga littafi kashi-kashi a siririyar takarda, ana sayarwa a Sabon Gari, ana ba da haya a unguwanni, littafi ɗaya ya zaga gida goma kafin bangonsa ya cire.

Tuhumar da aka yi wa iyayenmu a rubutu

Ba a daɗe ba zargi ya taso, cewa waɗannan littattafai finafinan Indiya ne aka juye a takarda, kuma suna koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onica, aka kwashe shekaru ana tafka muhawara a jaridu tsakaninsa da irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme. Zafin abin bai tsaya a jarida ba, domin a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Akwai gaskiya a cikin zargin. An samu littattafan da suka kwashi fim ɗungurungum, suka sauya sunaye kawai: masoya a lambu suna jera wa juna baitoci, tagwayen da aka raba tun suna jarirai, haɗarin motar da ke shafe tunani. Sai dai Brian Larkin, wani manazarci da ya zauna a Kano, ya nuna a wata maƙala ta 1997 cewa abin da ya ja matasa ya wuce kwaikwayo. A finafinan Indiya sun ga mutanen da ke fama da zamani ba tare da sun zama Turawa ba, sun kuma ga tambayar da ke cin su a rai, wato yaya mutum zai bi zaɓin zuciyarsa bai saɓa wa iyaye ba. Auren dole ba daga Bombay aka kawo mana shi ba, a gida muka same shi. Fim ya ba marubutan ƙarfin halin ɗora shi a faifai ne.

Littafin a hannun Ba'indiye

Yanzu mu koma Chennai. Kamfanin Blaft ya fara aiki ne a 2008 da wani kundin fassarar labaran kasuwa na harshen Tamil, irin waɗanda ake bugawa a takarda mai araha ana sayarwa a tashoshin jirgin ƙasa da wajen masu shayi. A cikin marubutan akwai Rajesh Kumar, mai littattafan bincike fiye da dubu, da Ramanichandran, wadda matan Tamil suke rububin littattafanta na soyayya. Su ma malaman jami'a sun daɗe suna yi musu kallon hadarin kaji. Daga baya kamfanin ya fitar da fassarar littattafan Ibne Safi na harshen Urdu. Wanda ya saba da irin wannan kaya, ranar da ya ji labarin littattafan Kano ya san ya gamu da dangi.

Mu tuna labarin. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai ƙuntata wa iyalinsa. Ya auro Delu daga bariki, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe yaran, ta aurar da 'yarta Saudatu ga mutumin kirki. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji, Delu ta juya masa baya, sai kuma dangi suka taru a kan Rabi suka matsa mata ta sake karɓarsa.

Mai karatu Ba'indiye zai gane Rabi tun daga shafukan farko, domin ya san Radha ta Mother India, wadda mijinta ya tafi ya bar ta da 'ya'ya da bashi. Zai gane nauyin aurar da 'ya mace, domin a ƙasarsu iyayen amarya ne ke biyan dukiya ga dangin ango, al'adar da aka haramta da doka tun 1961 amma ba ta mutu ba. Idan ya ga uwa tana fafutukar kayan ɗaki da gara, ba ya bukatar dogon sharhi. Idan kuma ya karanta Premchand, babban marubucin Hindi da Urdu, ya san Nirmala, yarinyar da aka aurar wa dattijo saboda iyayenta sun kasa biyan wannan dukiya, wadda za ta iya zama 'yar uwar Abu ta cikin Wa Zai Auri Jahila?

Amma abin da zai riƙe shi ya kai ƙarshen littafin shi ne abin da bai sani ba: zaman kishi da rabon kwana, kuɗin cefane da yadda ake auna mutuncin maigida da shi, saki da yaji da biko, matsayin suruki, yadda mace a cikin gida take juya ɗan jari ta hannun yara. Ƙarshen ma ba irin na fim ba ne. Miji ya dawo, dangi sun haɗu, amma mai karatu ya san Rabi ce ta sake ɗaukar kaya, ba wanda ya tambaye ta ko tana so. Balaraba, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, ta san zafin abin da take rubutawa. Ta ɗauki saurin tafiyar labari da tashin hankalin da masu kallon Indiya suka saba da shi, ta zuba masa rayuwar tsakar gidan Kano.

Nan ne darasin yake. Da littafin kwafin wani fim ne, Ba'indiye ba zai kashe kuɗinsa ya buga shi ba, tunda na asalin yana gidansu, ya kuma fi namu kiɗa da rawa. Kayan aro ba ya rufe katara. Imam da Balaraba duka sun ara, amma sun ari ƙwarangwal ne, tsoka da jini nasu ne.

Abin da suke da shi muka rasa

Akwai wani ɓangare na rayuwar adabin Indiya da ba mu ara ba, alhali ya fi waƙar lambu amfani. Tsarin mulkinsu ya lissafa harsuna 22. Tun 1954 suke da cibiyar adabi ta ƙasa, Sahitya Akademi, mai ba da kyauta duk shekara a harsuna 24, tana kuma da kyauta ta musamman ga masu fassara. Saboda haka marubucin Tamil ko Bengali ba ya jin sai ya koma Ingilishi kafin a san da shi. Rabindranath Tagore da ya ci kyautar Nobel a 1913 da Bengali ya yi yawancin rubutunsa. A 2022 littafin Geetanjali Shree na harshen Hindi ya ci kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa. A 2025 Banu Mushtaq, lauya Musulma daga jihar Karnataka, ta ci wannan kyauta da Heart Lamp, gajerun labarai 12 da ta rubuta da harshen Kannada, Deepa Bhasthi ta fassara. Kuɗin kyautar fam 50,000 ne, kuma raba shi ake yi daidai tsakanin marubuci da mai fassara. Labaran na matan Musulmi ne: mijin da ya juya baya, matar da ta yi yaji 'yan uwanta suka mayar da ita ɗakinta. Wanda ya karanta Balaraba ko Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa zai ce ai mu ma muna da wannan tun tuni.

Muna da shi, amma wa ya fassara? Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar a 1967, Aliyu Kamal ya yi nasa a 2012, tsakaninsu da bayansu abin da aka yi bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da dubban littattafan da aka buga a Kano. Da yawa daga cikin na shekarun 1990 ma yau ko marubutansu ba su da kwafi.

Abin da ya rage gare mu

Yau aron ya fi sauƙi fiye da kowane lokaci. Finafinan Indiya-Hausa suna cikin kowace waya, shirye-shirye masu dogon zango suna tashar tauraron ɗan'adam dare da rana, rubutu kuma ya koma WhatsApp da Wattpad, inda ake fitar da shafi kullum ba edita. Mukan ga labaran da jarumin yake da jirgin sama nasa na kansa da kamfani a Dubai, marubuciyar kuwa tana zaune a unguwar da ake layin ruwa. Ba laifi ba ne mutum ya yi mafarki a takarda, amma irin wannan labari dubu ne a kasuwa, kuma ba wanda ake tunawa bayan wata ɗaya.

A 1936, shekarar da Imam yake zaune a Zariya da akunsa, Premchand ya fitar da Godan, labarin wani manomi Hori da burinsa a duniya bai wuce ya mallaki saniya ɗaya ba, bashi ya cinye shi bai cim ma burin ba. Har yau yana cikin manyan littattafan Hindi. Mu duba kewayenmu a nan Rijiyar Zaki da ƙauyukan Ungogo. Gonar gero da dawa da kaka ya bari ana yanka ta filaye, magada suna rigima a gaban mai unguwa, wani ya sayar da kasonsa ya sayi babur mai ƙafa uku, wata ta ga kuɗin gadonta ya tafi a kayan ɗakin 'yarta. Dillalin fili ya zama attajiri, mai gonar ya koma gadi a gidan da aka gina a kanta. Akwai soyayya a ciki, akwai cin amana, akwai alhakin da ke bin mai shi. Wannan labari ba Ba'indiyen da zai rubuta mana shi, kuma shi ne irin wanda zai so ya karanta.

Don haka shawararmu ga juna uku ce. Idan wani fim ko littafin waje ya burge mu, mu tambayi kanmu mene ne ainihin dabarar da ta riƙe mu, mu ɗauke ta ita kaɗai mu bar musu sauran, kamar yadda Imam ya ɗauki aku ya bar matar ɗan kasuwa. Masu ƙarfin Ingilishi ko Larabci ko Faransanci a cikinmu su ɗauki fassara a matsayin aikin adabi cikakke, su nemi izinin marubuci, su fara ko da babi ɗaya ne. Sannan duk mai tsohon littafi a adakar mahaifiyarsa ya adana shi, ya sanar da mu sunansa da shekararsa.

Tambayarmu ta wannan mako: in da wani kamfani daga Chennai zai sake zuwa ya ce mu zaɓa masa littafin Hausa ɗaya tak ya fassara, wanne za mu miƙa masa, kuma me ke cikinsa wanda ba za a samu a wani wuri ba? A kawo suna da hujja. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, Ya jiƙan magabatanmu, sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.